Akushin da Bai Dawo daga Kalgo Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Bawa ɗan Hamidu, wanda mutanen Gwandu ke kira Bawa Mai Jakkai, ni na rubuta wagga takarda da hannuna a daminar 1996. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da zan ce. Malam Abubakar, limamin unguwarmu, ya karanta ya sa hannu. Zuwa gare ku ɗiyana, Lukuman da Isa da Rahmatu, da uwarku Zulai.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa. Abin da nake roƙo, ni da ban saba roƙon kowa ba, shi ne gonar Maruda. Ku raba abin da ta ba ku bayan kaka, kada ku tsaga ƙasar, kada ku sayar. Lukuman, na ji ka gaya wa mutane a Kalgo cewa ranar da na rufe ido za ka nemi a fitar maka da kasonka ka ƙara a shago. Isa, na ji ka rantse za ka ja katanga tsakiyar gidan nan. Kun zaci magana ba ta isowa kunnen mai jinya.

Ku san abin da kuke shirin yankawa. A aji uku na bar sakandare, shekarar da ubana ya rasu, ban gaji kome ba sai jaki mai gyambo da tsohuwar mangala. Jujin gidajen Gwandu na yi ta kwasa ina kai wa gonakin wasu, waɗanda muka yi aji ɗaya da su suna wucewa da farar riga suna toshe hanci. Gonar Maruda fako ce lokacin da na saye ta, har dariya aka yi mini. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ruɓaɓɓiyar tabarma, sakainar ƙwarya, duk abin da gida ya zubar na kai mata, ta ci ta mayar mini da gero. Da wannan geron na je Makka, da shi na yi muku aure.

Na biyu. Leda ba za ta shiga jujin gidana ba, ina raye ko ba na raye. Bara garma ta tono wadda aka binne tun shekarun baya, tana nan yadda take, har rubutun jikinta ana karantawa. Abin da ƙasa ta ƙi ci, kada ku ba ta. Cefane a kwando, nama a ganye ko kwano, hatsi a buhun algarara, fura a ƙwarya, kamar yadda Zulai ke yi tun zuwanta gidan nan. Ƙwaryar da ta tsage a kai wa mai gyartai, in ta gama aiki juji ya karɓe ta.

Lukuman, ban ce sana'arka haramun ce ba. Kai ne babban mai sarin leda a kasuwar Kalgo, kuma ba da taimakona ka kai haka ba. Taurin kan da ya kai ka can, a wurina ka ɗauko shi. Amma ka sayar wa mai so, ka bar ta a bakin ƙofata.

Na uku. Maganar sa, wato bijimin Isa. Zan faɗe ta yadda ta faru don kada kowa ya gyara ta bayana. Babbar sallar da ta wuce Lukuman ya kawo ɗaurin leda aka raba naman layya. Da yamma iska ta kwashe su zuwa turke, suna ƙamshin kitse da gishiri. San huɗar Isa ya yi ta ramewa, ga harawa gabansa ba ya ci, har muka sa wuƙa. Ina tsaye mahauci ya zaro leda daga tumbinsa a murɗe kamar igiyar guga. Isa ya ce a gaban jama'a yayansa ya kashe masa sa. Lukuman ya ce da shi ƙauyawa irinsa a bayan jaki za su mutu. Kai Isa, ɗan'uwanka bai yi da gangan ba, ka kuma sani. Kai Lukuman, mutumin da ka zaga ranar nan ba Isa ba ne. Ni ne na tsufa a bayan jaki. Na yafe, amma na ji.

Na huɗu. Babbar ƙwaryar Hajara ta Malisa, mai kawo mana nono, tana ɗakin Zulai. A mayar mata, kuma kada ta koma wofi. Bayan ita ba mai bina kome.

Na biyar. Goribar bayan gida da kabarta na riga na ba Rahmatu kyauta, ta karɓa a gaban Malam Abubakar, ba ta cikin gado. Ta ci gaba da saƙar faifai da kwando, ta koya wa 'ya'yanku mata. Daga sulusin dukiyata kuma a sayi randuna da moɗa a aje ƙofar masallaci da bakin kasuwa, a riƙa cika su. Mai ƙishi ya sha ya aje moɗa ga na bayansa, ba sai ya tsotsi ruwan leda ya yar a hanya ba.

Na shida. Sadakata a fitar da ita a faifai da kwanoni. Na san za a ce wahala ce, sai an bi gida gida ana karɓo su. Abin da nake so ke nan. Kwanon da ka aika dole ya dawo, mai dawo da shi dole ya yi sallama, a tambayi lafiyar juna ko da ana fushi. Leda kuwa in ta fita, ta fita da zumuncin gaba ɗaya. Lukuman, tun ranar san nan duk abin da kake aiko wa uwarka a leda yake zuwa, ta hannun direba. Ba abin da za a mayar maka, ba dalilin da zai kawo ka. Ina ganin yadda Zulai take ninke ledar tana kallon ƙofa.

Don haka na sa ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, aka zuba a baƙin akushina, wanda ba wanda ya taɓa cin abinci cikinsa sai ni, aka kai maka Kalgo. An ce ka karɓa. Kasuwa ta ci ta sake ci, akushi bai dawo ba. Kowace mota ta tsaya a bakin titi sai na sa a leƙa.

Allah ya yi muku albarka ku duka, ya shirya zuriyarku, ya sa ku gama da uwarku lafiya. Rahmatu, ki tsaya tsakanin 'yan'uwanki, ke suke jin kunya. Isa, ka bar zaure a buɗe, in yayanka ya yi sallama kai za ka amsa. Ku zauna gida ɗaya, juji ɗaya, gona ɗaya.

Lukuman, ka kawo akushin da ƙafarka, kada ka ba direba. In ka iske ni, ka miƙo mini. In ba ka iske ni ba, ka miƙa wa Isa, ku zauna ku ci a ciki.

Ubanku,
Bawa Hamidu, Gwandu