Aminiyata ta Kantin Magani

Litinin, 3 ga Maris

Sun kira ni! Wata takwas ina zaman kashe wando, yau makarantar nan ta ce ni za ta ba tuƙin bas ɗin yara. Saura gwajin lafiya kawai, ranar 14. Maman yara ta yi ta dariya har da ƙwalla. Ni kuwa na goge takalmina sau biyu, alhali ba inda za ni.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ta zo taya murna da wani ɗan akwati a jaka. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya, ta yi ritaya amma bakin bai yi ba. Na'urar awon jini ce ta gida. Ta zaunar da ni, ta hana ni magana, ta ɗaure min damtse. 162 bisa 100. Wai hawan jini. Ni? Mutumin da ke tura mota shi kaɗai? Na ce batirin ne ya yi sanyi. Ta tuna min da Baba, yadda ɓarin jikinsa ya shanye yana zaune lafiya lau. Ban so zancen ba. Ta bar min na'urar ta tafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Alhamdu lillahi! A kantin maganin bakin titi akwai babbar na'ura, da kujerarta, kowa na iya zama. Ka zura hannu, ka danna koren maɓalli, ta matse ka, ta tofo 'yar takarda. 124 bisa 80! Saura kaɗan in rungume ta. Abu mai girman firji ai ya fi abin da ake sakawa a jaka sanin aiki. Na raɗa mata Aminiya. Ta gida kuma Baƙin Baki.

Asabar, 8 ga Maris

Aminiya ta sake wanke ni. Na ƙara gishiri a miya da gangan, Maman yara tana kallo.

Litinin, 10 ga Maris

Na je na ga bas ɗin ta bayan shinge. Rawaya ce, kujera arba'in, madubin dama ya ɗan karkace, zan gyara shi ranar farko. Har na fara tunanin yadda zan riƙa gaida yaran. Ƙeyata na ɗan sarawa tun safe, zafin rana ne. Wata tsohuwa mai sanda da muke haɗuwa a layin Aminiya ta ce ita ma tun da ta fara zuwa nan jininta ya daidaita, har ta ajiye ƙwayoyinta. Muka taya juna murna.

Talata, 11 ga Maris

Na kwashi takarduna huɗu na kai wa Yaya don in rufe mata baki. Ta sa tabarau, ta jera su a tebur.

"Ƙanena, karanta min su da kanka."

124 bisa 80. 124 bisa 80. Duk huɗun. Har ranar da na je da gudu ina haki. Ta ce jinin mai rai ba ya tsayawa wuri ɗaya haka, ko agogon bango ya fi wannan motsi. Na ce dace ne. Na fito raina a ɓace.

Amma na biya ta kantin. Na leƙa kwandon shara da ke gefen kujerar, na tsinci takardun mutane guda bakwai. Lamba ɗaya ce da tawa.

Laraba, 12 ga Maris

Baƙin Baki ta ce 159 bisa 98. Na auna sau uku, ko za ta ji kunyata. Ba ta ji ba.

Tsoro nake ji, gaskiya. Ba gwajin kaɗai ba. Kujera arba'in.

Juma'a, 14 ga Maris

Na faɗi wa likitar makarantar komai kafin ma ta ɗauko abin awonta. Ta rubuta min magani, ta ce in riƙa aunawa a gida safe da yamma ina rubutawa, in dawo bayan sati uku. In ya sauka, bas tawa ce. Ba su ba wani ba! Na sauko matakala ina murmushi kamar wanda aka ba makulli.

Mai kantin ya cire wa Aminiya wuta da na nuna masa takardun, ya yi ta ba da haƙuri. Tsohuwar nake nema, bai san gidanta ba.

Alhamis, 20 ga Maris

143 bisa 90. Tana sauka! Ba don Yaya nake aunawa ba, likita ce ta ce. Miya ba gishiri, ana ci dai.

Kwana shida ina zama a bencin ƙofar kantin da ɗan akwatin a cinya. Yau tsohuwar ta zo da sandarta. Ta ga babbar a kashe, ta tambaye ni ko wannan 'yar ƙaramar ta iya aiki.

Na ce, "Mama, ba ta da daɗin baki. Miƙo hannun."