Ƙirshi a Ruwan Abu Ƙir

Giza, Satumba

Zuwa ga Yayata Nana Fatima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Kano. Yaya ƙafar taki, ta sake ki? Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiya.

Kin tambaye ni labarin maigidana Sulaimanu. Kin san tun da yaƙi ya fito da mu daga Umdurman dako yake yi a kasuwar Ataba a nan Alƙahira. Mutumin da ya tashi a bakin teku a Bur Sudan ya koma ɗaukar kwalaye a ka. In ya dawo ba ya magana, har 'yarmu Israa ta daina hawa cinyarsa.

To yanzu Allah Ya kawo sauƙi kaɗan. Matar da nake yi wa shara da wanki a unguwar Muhandisin tana da ƙane, Mahir, mai jirgin kamun kifi a Abu Ƙir, gefen Iskandariyya. Masu hali daga Alƙahira suke hayar jirgin ranakun Juma'a da Asabar, su fita da ƙugiya don nishaɗi, alhali ba su san inda kifi yake ba. Sulaimanu ne ke kai su wurin, ya sa musu nama a ƙugiya, ya tsaya a bayansu in abu ya ja. Ya ce kaka ce lokacin aikin. Da zafi ya ragu, kifayen da ake kira dinis da buri sukan matso gaɓa, ƙirshi kuma ya biyo su. Ƙirshi shi ne mai haƙoran nan da kuke ce wa shak. Shi duk suke so su ɗauki hoto da shi.

Ranar Lahadi yake dawowa, yana warin gishiri, yana ta ba Israa labari. Na ji dariyarsa, Yaya, wadda na manta yadda take.

Ni kuwa hannuna duk ya tsage da ruwan wanki, kullum ina cikin mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, takardar zamanmu kuma har yanzu sai a ce mu dawo. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Awadiyya

Giza, Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya. Ki gaishe da Malam, ki ce na gode da addu'arsa.

Abin da zan faɗa miki, ki bar shi a cikinki. Akwai wani mutum da ya yi ta bin jirgin Mahir, amma bai taɓa riƙe ƙugiya ba. Ranar da wani ya kamo ƙirshi kowa ya ruga kallo, shi yana zaune yana kallon hannun Sulaimanu a kan sitiyari. Da suka sauka ya ja shi gefe. Yana neman wanda zai tuƙa jirgin mutane a ɓoye zuwa Italiya kafin sanyi ya shigo. Ya ce matuƙi ba ya biyan komai, shi da iyalinsa.

Sulaimanu ya ce masa a'a, ya zo yana ba ni labari kamar abin dariya. Ni ban yi dariya ba.

Yaya, na gaji. Aikin kifin nan da iska ta taso zai ƙare, ya koma Ataba, ya koma mutumin da ba ya magana. Israa ta isa shiga makaranta, tana zaune a ɗaki. Maƙwabciyata Rania ta riga ta sayar da ɗan kunnenta da firji, za ta bi jirgin da 'yarta Lina da ƙaramin da take goyo. Ita da ba ta da miji a kusa ta yi ƙarfin hali, ni kuwa mijina ɗan teku ne.

Na faɗa masa haka. Ya ce matuƙi shi ake fara kamawa in an isa, in ma an isa. Na ce tsoro ne kawai. Wallahi kalmar ta fita kafin in kama ta. Ya ɗauki butarsa ya fita. Tun ranar sai gaisuwa.

Kada ki yi mini faɗa. Ki dai yi mini addu'a.

Taki,
Awadiyya

Giza, Nuwamba

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya da yara. Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso, na karɓa.

Makon jiya Sulaimanu ya ce in shirya, ni da Israa. Fita ta ƙarshe ta bana, wani likita ne da matarsa da samarin 'ya'yansa suka yi haya, kuma Mahir ya yarda in zo in dafa musu shayi in soya kifi.

Da safe ruwan kwance yake kamar tabarma. Israa cikin rigar hana nutsewa har gwiwa, tana ihu duk lokacin da aka ciro dinis. Na ce a raina, wannan ne abin da yake hana mu?

Bayan azahar sandar babban ɗan likitan ta lanƙwashe, zaren ya fara gudu yana kuka. Sulaimanu ya riƙe shi ta ƙugu yana cewa ya saki, ya ja, ya saki. Aka daɗe har hannun saurayin ya fashe. Da abin ya taso sai na ga ƙirshi da idona, tsawonsa ya fi Israa. Likitan ya nace sai an shigo da shi don hoto. Ana ɗora shi a jirgi ya yi wani juyi, jelarsa ta share ƙafafun Israa, ta zame ta nufi bakin jirgi. Sulaimanu ya saki kifin ya cafko ta ta wuyan riga. Sannan ya yanke zaren, shi da Mahir suka tura kifin ruwa, likitan yana ta ba da haƙuri, ma'alish, ma'alish.

Muna cikin wannan ba mu lura sama ta canza ba. Iska ta taso. Yaya, ban san ruwa yana tsayawa kamar bango ba. Jirgin ya hau, ya faɗo, ruwan sanyi ya shigo mana har idon sawu. Tukunyata ta tafi. Matar likita tana amai tana salati, ni na danne Israa a ƙasa, ita kuwa ta daina kuka ma. Duk wannan fa muna hangen gine-ginen Abu Ƙir.

Da muka daki gaɓa ana kiran magariba, Sulaimanu ya tsuguna yana tsane wa Israa kai da rawaninsa. Bai dube ni ba ya ce, "Awadiyya, mu nawa ne yau a ciki? Wancan jirgin kamar wannan yake, mutum fiye da ɗari za su zuba. Ni zan riƙe sitiyari. Wa zai riƙe ta?"

Na karɓi rawanin na ƙarasa tsane mata kai. Ban sake tayar da maganar ba, kuma ba zan sake ba.

Jiya ya koma Ataba. Na shafa masa man zafi a kafaɗa, muka ɗan yi hira. Ba kamar da ba, amma mun yi.

Rania ta tafi da wani matuƙin. Yau da safe ta turo hoto, ba rubutu ko ɗaya. Ta isa. Tana zaune a wani benci, an lulluɓe ta da bargo, Lina na jikinta. Na duba hoton sama da ƙasa, na buɗe shi da yatsu, ban ga ƙaramin ba. Wataƙila wani ne ya riƙe mata shi. Na rubuta tambayar na goge, na sake rubutawa na goge.

Ki roƙi Malam ya sa su a addu'a, su ukun. Ki gaishe da yara. Ki kula da ƙafar nan.

Ƙanwarki mai kewarki,
Awadiyya