Kwanon Baba

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Ya aiki, ya iyali? Mu nan Kiru sai godiya.

Tun da aka gano ciwon hantar Baba, abokan cin tuwonsa na ƙofar gida suka ware masa kwano. Tun daga nan tuwonsa haka yake dawo mana bai taɓa ba. Likita ya ce ciwon na lallaɓawa ne har ƙarshen rai, kuma ta jini ake ɗauka, ba ta abinci ba.

Jiya liman ya ture nasa kwanon, ya sa hannu a na Baba, ya ce, "Matso, Alhaji, miyarku ta fi daɗi." Kwanon ya dawo wayam. Ina wanke shi ina hawaye.

Ka sa Baba a addu'a. Gai da Yaya Rabi da yara.

Ƙanwarka,
Hauwa