Kwandon Baba Maina

Zuwa ga Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu nan Haɗeja lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Tun da aka fara yaƙin nan, kullum motar sanarwa tana zaga gari: a sa ido kan baƙo, ƙunshin da ba a san mai shi ba kada a taɓa, wai bom ne. Har yau ko ƙarar bindiga ba mu ji ba.

Ka tuna Baba Maina, masuncin nan na Guri, aminin marigayi Baba? Duk shekara yakan ajiye mana kwandon bandar kifi a zaure ya wuce, don kada a yi masa godiya. Da ƙanshi muke gane ya zo.

Ran Laraba ya ajiye. Sabon maƙwabcinmu ya gani, ya yi kururuwa. Kafin in dawo daga gona, 'yan sanda sun ɗauki kwandon da doguwar gora sun jefa kogi, sun kuma tsare tsohon.

Da na je na karɓo shi, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Shekara talatin ina shiga zauren nan, yau na zama baƙo."

Yaya, don Allah ka rubuto masa, yana jin maganarka. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Inna tana gaishe ku. Kowace safiya sai ta leƙa zaure.

Ƙaninka,
Habu