Dutsen da Aka Ciro Daga Cikin Ladidi

Anka, ranar Laraba bayan la'asar

Zuwa ga Rashida, ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari, inuwar tsamiya ga wanda rana ta dafa a hanya. Ya ke farin wata mai tasowa ta bayan gulbin Gummi, ke da in kika yi dariya har kajin gida sukan bar tono su ɗaga kai! Sallama da gaisuwa mai tarin yawa gare ki, ke da Inna. Ina fata ƙafarta ta ƙara sauƙi, ko da yake Lirwanu direba, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya ce ya gan ta da idonsa tana takawa zuwa gidan suna tun makon jiya. Na dai gane ba jinyar Inna ce ta riƙe matata a Gummi wata biyu ba.

Tun da aka yanke layin waya a jihar nan ban ji muryarki ba, kuma wataƙila gara haka, don da baki ba zan iya faɗin abin da zan faɗa ba. Kin san ni. Ni ne Nafi'un da ya fara da dakon buhun dutse a Bagega, takardar sakandare ma da ƙyar na karɓe ta, yau ga shi da wuya a ɗora bulo a Anka ba a bi ta shagona ba. Ban saba sunkuyar da kai ba. To, yau ga shi a ƙasa: na yi miki ƙarya. A takardata ta baya na ce Ladidi, ɓeran Masar da kika bar mini amana, lafiyarta lau, har ƙiba ta yi. Lokacin da nake rubuta wannan ƙaryar, tana kwance cikin kwali a gefen ƙafata, an tsaga cikinta an ɗinke.

Kin tuna yammacin da aka yi ruwan fari bana? Muna zaune a tabarma bakin ɗaki, kin yanka kankana, kina ba ta ɓawon da hannunki. Duk sanda warwaronki ya yi ƙara sai ta ɗaga hanci ta hau kukan nan nata mai kama da fito, kamar wadda aka yi wa albishir. Na ce miki ɓera dai ɓera ne, ko daga Masar ya zo ko daga rumbu. Kika yi dariya har kallabinki ya zame. Wayyo ni, Rashida! Da na san dariyar nan za ta yi mini tsada haka, da na ɗebe ta a tulu na rufe da faifai.

Ga yadda aka yi, ba ragi. Kin ce in riƙa ba ta ɗanyar ciyawa safe da yamma. Ni kuwa na ga ina ni ina lauje? Sai na sa aka jibge mata harawa da dusa, ina ƙara mata biskit, don in kin dawo ki tarar ta fi yadda kika bar ta, ki san hannuna ya fi naki albarka. Da na ga gashinta ya dusashe, na tambayi Labbo, Bafulatanin da ke kawo mana nono, me suke ba shanu su yi sheƙi. Ya ce kanwa. Bai san ɓera nake nufi ba, ni ma kunya ta hana ni faɗa. Na daka kanwa na riƙa zuba mata a ruwa, kullum, har kwana ashirin, kamar wani bijimin sa.

Ranar wata Asabar na same ta ta dunƙule a kusurwa, tana ƙara in za ta yi fitsari, ga jini a tsumma. Rashida, nan take na sa ta a kwali, na ɗauki makullin mota don in kai ta wurin likitan dabbobi a Gusau. Kin san yadda hanyar Gusau take yanzu, ba mai bin ta sai da addu'a a baki. Na bi ta. A shingen farko jami'i ya buɗe kwalin, ya dube ta, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga Alhaji mai kai ɓera asibiti. Na haɗiye. Ni!

Likitan dabbobi ya ce dutse ne a mafitsara, kuma irin wannan ƙaramar halitta ba kullum take farkawa daga aiki ba. Ya ce ba zai rantse kanwar ce kaɗai ba, amma da ya ji abin da nake ba ta, kallon da ya yi mini ya ishe ni hukunci. Aka yi aikin, ta farka. Ya naɗe mini dutsen a auduga. Da na dawo na tono tsohon ma'aunina na zinari na ɗora shi, ko giram ɗaya bai kai ba. Ni da na fasa duwatsu suka zama gida da mota, ga wanda bai kai ƙwayar wake ba yana neman rushe mini gidan!

Yau kwana goma sha takwas, kuma sauƙin yana zuwa ne kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke. Ba ta ci da kanta sosai. Likita ya ce in cikinta ya zauna babu abinci, shi ke nan. Don haka nake fita da lauje da hantsi, ni da kaina, bayan katangar firamare, mutane na wucewa suna yi mini sannu da kiwo. In daka ciyawar a ƙaramin turminki, in tace, in zuba a sirinji marar allura, in naɗe ta a tsohon kallabinki, in riƙa ɗiga mata ta gefen baki. Tana kawar da kai, ina lallashi. Cokali biyu sai ya cinye mini rabin awa, kuma sau shida ake yi a yini. Kashinta ma ƙirga shi nake yi, ranar da na ga bakwai har hamdala na yi da ƙarfi. Da safe in ɗora ta a sikelin da nake auna ƙusa: jiya ta ƙaru kaɗan, yau ta koma. Gefen ɗinkin ya yi ja, ina wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi, ban sani ba ko gaba muke yi ko baya. Shago kuwa sai bayan azahar nake buɗewa, wanda ya matsu da siminti ya jira.

A wannan zaman ne maganarki ta same ni. Ranar da cikinmu ya zube ina Bukkuyum ana sauke mini kaya. Na aiko mota, na aiko a ba ki ɗaki mafi kyau a asibiti, na zo rana ta uku da atamfa a hannu ina jiran godiya. Ba ki yi faɗa ba. Sai ranar tafiyarki, kina miƙo mini Ladidi, kika ce: "Nafi'u, ka iya aikowa, ba ka iya zama ba." Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina wace mace ce a Anka aka yi wa abin da na yi miki? Ashe ban san komai ba! Ban san mai ciwo yakan buɗe ido ya duba ko akwai mutum ba. Ladidi tana yi. Takan farka firgigit, in ta ji tafin hannuna sai ta koma ta lafe. Sau nawa kika buɗe naki idon a kwana ukun nan, ya sanyin zuciyata, kika ga bango? Wa ya ɗiga miki ruwa? Wa ya ce miki sannu da muryar da kike jira?

Abu ɗaya ne bai dawo ba, kukan nan nata. Tun da aka yi aikin ba ta yi ba. Shekaranjiya na ga warwaronki guda biyu da kika manta a kan taga, na ɗauka na kaɗa. Wallahi ta ɗaga kai, ta ja jikinta har bakin kwali da ɗinkin da komai, ta zuba wa ƙofa ido. Da ta ga ni ne kawai, sai ta koma ta kwanta. Ban ƙara yi ba, don na ga zalunci ne. Ni ma haka nake duk sanda aka taɓa ƙyauren gida.

Ba zan ce ki dawo don ta warke ba, wannan wayo ne, kuma na gaji da wayo. Ban ma san ko za ta tashi ba, kada in sake yi miki wata ƙaryar. Na saka miki dutsen cikin takardar nan, a audugarsa. Shi ne laifina, ki riƙe, ki auna da naki ma'aunin. In kin ce in zo Gummi in durƙusa gaban Inna, zan zo da zarar likita ya ce Ladidi za ta jure hanya, don ba zan bar ta a hannun kowa ba, ba kuma zan aiko wani a madadina ba. In kin ce in jira, zan jira har gulbi ya ƙafe ya sake cika.

Dole in tsaya nan, lokacin ba ta abinci ya yi, ga ta tana motsi.

Naki, da ranki da raina, wanda ba shi da wata sai ke har ƙasa ta rufe masa ido, kuma wanda yake koyon zama,

Nafi'u