Gonar Tudu

Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025

Yau aka yi sadakar bakwai ta Baba. Gida cike, tabarmi har bakin zaure. Kowa ya zo sai ya ce, "Zalika, sai haƙuri," ni kuma in ce haƙuri sai ma'aiki. Na faɗa ya fi sau ɗari. Bakina ne ke aikinsa, ni ban san inda nake ba.

Mata sun yi kuka, har waɗanda bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba. Ni ko ɗigo. Na lura da Gwaggo tana leƙen fuskata. Ta leƙa, ba za ta samu kome ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na koma Magarya. Na shiga aji, na yi wa yara darasi. Na ci tuwo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Abin da ke dawo mini ba mutuwar ba ce, ɗakin ne. Kwana huɗu Baba yana kwance a likita a Dungas, taga ɗaya, ita ma tana kallon bango. Mutumin da kullum yake cewa ɗaki na kwana ne kawai. Ko zazzaɓi yake yi sai an shimfiɗa masa a gindin gawo. Inna takan ce da gona tana da ƙofa da tuni ya kulle kansa a ciki ya jefar da makullin.

Maganarsa ta ƙarshe da ni: "Awaki ba su shiga gonar tudu ba ko?" Na ce ba su shiga ba. Ban ma je na duba ba.

Asabar, 15 ga Maris

Arba'in, a cikin azumi. Bayan addu'a aka raba gado, Baffa Sallau, ƙanen Baba, yana zaune a matsayin uba. Yaya Alhassan ya samu babbar gona ta bakin hanyar Dogo-Dogo. Ni aka ba ni gonar tudu.

Gonar tudu rairayi ce zalla, ta gaji tun ina yarinya. Shekara huɗu ke nan Baba yana rainon itace a cikinta. Ba dasawa yake ba. Duk kututturen da ya yi toho, gawo ne, kalgo ne ko aduwa, sai ya zaɓi masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya ɗaura wa wanda ya bari tsumma daga tsohon rawaninsa don kada a taɓa. Wasu sun kai kafaɗata, wasu sun wuce kaina. Yakan ce, "Nan da shekara goma gawo zai ciyar da ƙasar nan, ki zo ki ga hatsi." Da bakans, in an rufe makaranta, yakan ja ni can tun hantsi, ya riƙa gabatar mini da su ɗaya bayan ɗaya kamar surukai. Ni kuwa hankalina yana kan tarho.

Baffa ya ce, "Ke ce kika san ta, shi ya sa." Na ce to.

Litinin, 31 ga Maris

An yi Salla. Lalle bai kama ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yaya ya kira daga Damagaram ina tsakiyar gyaran kaye, littattafan aikin yara. Wai ya samo 'yan ƙwadago su share masa gona kafin damina, baƙi ne daga wajen Kwaya, hannunsu da sauri. "In sun gama su wuce taki?" Na ce su wuce. "Me da me za a yi?" Na ce a share kawai.

Saura kaye ashirin da uku.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Baffa Sallau ya kira da sassafe. Bai tsaya gaisuwa ba, shi da yake gaida mutum har da kajinsa. Ya ce, "Ki zo."

Asabar, 19 ga Afrilu

Na hau kabu-kabu daga Dungas har bakin gona. Fes. Sun share ta kamar tsakar gidan amarya. Sun sare kome daga ƙasa, sun tara, sun cinna wuta. Tsibi-tsibin toka, nan da can guntun tsumma da bai gama ci ba. Manyan gawo biyu na kan iyaka kaɗai suka bari, su ma don suna tsoron 'yan gandun daji.

Baffa yana Dungas wajen jana'iza ranar da aka yi. Ya tambayi mutanen, suka ce an ce a share, sun share. Ina laifinsu?

Ya tsaya yana kallona. "Zalika, da bakinki kika ce?" Na ce da bakina. "Kin manta da tsumman?" Ba mantawa na yi ba, in dai gaskiya zan rubuta. Ya zo mini a rai lokacin da Yaya ke magana, na ga faɗin ya yi mini nisa, kamar a ce in tashi in ɗebo ruwa a rijiya mai gaba talatin. Kalma biyar ce. Ku bar masu ɗaurin tsumma.

Baffa ya share ido da bakin riga. Ni ina kallon igiyar takalmina da ta kusa tsinkewa, ina tunanin inda zan kai a ɗinke. Wace irin 'ya ce wannan?

Lahadi, 20 ga Afrilu

Inna ba ta ce mini kome ba. Ta zuba mini fura, ta ƙara nono. Gara ta zage ni.

Talata, 6 ga Mayu

Zafi. Yara suna barci a kan tebur, ban tashe su ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yaya kuma. Nassirou, maƙwabcinmu na gona, yana son in ba shi aron gonar tudu shekara uku, zai sa gyaɗa. Yana da shanun huɗa. Sharaɗinsa ɗaya, zai tone kututturan duka, don garma ba ta tafiya a kan saiwa. Yaya ya ce, "Tunda aikin gama ya gama, ki huta. Ke da ke Magarya, yaushe za ki yi noma?" Gaskiyarsa. Na ce zan ba da amsa da Babbar Salla.

Na kira Baffa na gaya masa. Ya ce, "Abin da aka sare sama ne. Na ƙasa yana nan da ransa, ya girmi ubanki ma. In aka tone, shi ke nan." Na ce na ji. Ji dai na ji.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na yi ƙoƙarin tuno muryar Baba, ta ƙi zuwa. Tafiyarsa ce ta zo, barandami a kafaɗa, ƙafar wando ɗaya a naɗe ɗaya a sake. Inna ta yi shekara arba'in tana faɗa a kan wandon nan.

Asabar, 7 ga Yuni

Salla a gida. Baffa ne ya yanka ragon Inna. An yi yayyafi shekaranjiya, bai isa shuka ba. Nassirou ya zo barka da Salla, mutumin kirki, ya ce ba ya gaggauta ni amma ruwa ba ya jiran kowa, jibi yake son sa masu tono. Na ce jibi da safe mu haɗu a gonar.

Litinin, 9 ga Yuni

Na riga shi zuwa. Ban san abin da ya sa na ɗauki barandamin Baba daga bayan rumbu ba, wataƙila don karnuka.

Kowane kututture ya fito da toho, goma, sha biyar, cunkus, ba su wuce gwiwata ba. Munana da su. A haka ba abin da za su zama, sai dai su kashe juna. Na durƙusa gaban ɗaya don in duba kawai. Sai na ji muryar Baba, sarai, da 'yar dariyar nan tasa: "Uku ake bari, Malama. Ɗaya na akuya, ɗaya na iska, ɗaya naki." Na bar uku. Na matsa na gaba.

Ina kan na tara Nassirou ya iso da mutum biyu da diga. Ya dube ni, ya dubi gefen ɗankwalina da na yayyage ina ɗaurawa. Ya ce, "Malama, to yaya?" Na ce bana dai a bari tukuna. Ya ce Allah ya sa albarka, suka juya.

Ba wai na yanke wata shawara ba ce. Noma ban iya ba, kuma ban san ko na bar na kirki ko na sare su ba. Baffa ya ce gobe zai bi bayana ya gani.

Ƙayar gawo ta shige mini tafin hannu. Inna ta cire da allura, na yi ta kuka kamar 'yar yaye, har ta ce ƙayar ai ba ta kai haka ba. Ta ajiye allurar, ba ta saki hannun ba.

Na kira direktan makarantarmu na ce ba zan dawo ba sai Laraba. Ko Alhamis. Sauran kututturan da yawa.