Ƙarnin Kifi a Bayan Obin

Litinin, 6 ga Maris

Jiya obin ya mutu da kaza a ciki. Yau 'yata Jeanette ta sayo sabo tun kafin in buɗe baki. Wannan saurin nata da walakin. Ta bi kicin tana shinshinawa, ta buɗe firji, ta leƙa kwandon shara. "Mama, ƙarnin kifin nan fa? Me kika manta a wani lungu?" Na ce ni ban ji komai ba. Da ta fita tsakar gida na ji tana gaya wa mijinta a waya, "gidan tsofaffi." A zatonta kunnena ya mutu.

Laraba, 8 ga Maris

Ina jin ƙarnin sarai, tun bara, duk sanda obin ya yi zafi. Irin wanda mijina Wilf yake shigowa da shi daga bakin tashar masunta, a rigarsa, a gashinsa. Miji ya rasu, ƙarninsa ya dawo kicin, wa zan gaya wa? A ce kan tsohuwa ya juye. Wani lokaci ni ma nakan ce ko ya juye ɗin.

Alhamis, 9 ga Maris

Ta ƙirga min ƙwayoyin magani. A gidana.

Juma'a, 10 ga Maris

Mai wayarin lantarki ya zo, wai Dean, abokin mijin Jeanette. Ka ji! Ko jaka bai ajiye ba ya hau tambaya: "Mama, kina jin wani wari idan obin ya daɗe a kunne?" Na ce, "Obin aka turo ka haɗawa, ko kaina za ka duba?" Ya yi dariya. Na ba shi shayi, biskit kuwa na hana.

Ya ce ba zai jona sabon a tsohuwar waya ba sai ya ga abin da ke bango. Ya kashe wutar gidan, ya jawo tsohon obin, ya kwance wani farin murfi a bayansa. Ciki baƙi ƙirin, robar ta narke. Ya miƙo min, na shinshina. Wilf sak.

"Haka robar nan take ƙarni in tana cin wuta," in ji shi. "Ba a ɗaure wayar da kyau ba. Saura ƙiris gidan ya kama, Mama. Wane gwani ne ya haɗa miki wannan?"

Wilf ne, wata Asabar, yana fito, yana cewa da me mai wayarin ya fi shi.

Na ce wani mutum ne, ya bar gari.

Asabar, 11 ga Maris

Dean ya kira Jeanette. Ta zo, ta shinshina robar, ta fashe da kuka. "Mama, ki yafe ni." Zancen gidan tsofaffi ya mutu, in ji ta. Za mu gani. Ta san wa ya haɗa wayar, na gani a idonta, amma ba ta faɗa ba.

Lahadi, 12 ga Maris

Na gasa kaza, ta gasu lafiya lau. Na aika wa Dean biskit, don sun kusa lalacewa ne kawai. Jeanette ta ce za ta riƙa zuwa cin abincin Lahadi, ban hana ta ba.

Da suka tafi na bar obin a kunne, na tsaya ina shaƙa. Ba komai. Kaina lafiya yake, gidana nawa ne, kicin kuma ba kowa.

Robar ban bari a jefar ba. Tana aljihun rigar Wilf. Sai na ɗumama ta a hannu sosai take ɗan yin ƙarnin.